Ƙwayar Dakta Mai Wutsiya Biyu

Shugaban kwamitin ƙarin girma ya cire tabarau, ya kafa ido a madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa.

"Tabbas, ga ta nan," in ji shi. "Har da wutsiya biyun da ka rubuta, Dakta."

Shekara bakwai ke nan Dakta yana shelar cewa ya gano sabon nau'in ƙwayar jijiya a tushen ƙwaƙwalwar ɓera, kuma a kanta kujerar farfesa ta rataya. Sauran 'yan kwamitin suka leƙa bi da bi. Na biyu ya yaba tsawonta. Na uku, don kada a bar shi a baya, ya ce shi wutsiya uku ya ƙirga. Suka rattaba hannu a takardar ba shi farfesa, suka wuce cin abinci.

Dakta ya leƙa don ya gai da abar arzikinsa. Wayam.

Sai ga mai shara da tsummanta.

"Dakta, ka ga yadda madubin ya yi fes? Wani kashin ƙuda ne ya maƙale a gilashin tun zuwana aiki nan shekarun baya. Da safen nan na kankare shi."

Dakta ya gyara zaman hularsa.

"Iya," in ji shi, "daga yau Farfesa ake cewa."