Lambar da Kuo Ya Goge

"Wa ya taɓa tanderu na huɗu ranar Litinin?"

Manaja Tsai ce ta jefo wa Kuo Wen-hsiung wannan tambaya. Shekararsa ashirin a wannan masana'anta ta birnin Hsinchu yana gasa fayafayan da ake yanko ƙwayoyin ajiyar bayanan kwamfuta daga jikinsu, irin waɗanda ba sa mantuwa ko an ɗauke wuta. Ranar Litinin hannunsa ya kuskure, ya sa zafin da ba shi ba, fayafai ashirin da biyar suka gasu a haka. Don tsoron kora ya goge lambar daga na'ura, ya ja bakinsa ya tsuke.

"Manaja, ni dai ban taɓa komai ba."

Manaja Tsai ta kafe shi da ido. "Baba Kuo, tuna dai da kyau."

"Ko haikali kika kai ni zan rantse."

Ta dafe kai. "Shi ke nan, mun kaɗe. Shekara biyu muna fama, ƙwayoyinmu da an ɗan rubuta an goge sai su gaji. Ƙarshen wata za a rufe sashenmu, mu sittin. Na Litinin ɗin nan kuwa mun gwada su har mun gaji, ko gezau. Lambar zafin kawai muke nema."

Kuo ya runtse ido. Ɗari huɗu da... talatin? Da tamanin?

Babu. Ta na'ura shi ya goge da hannunsa, ta kansa kuwa tuni tsoro ya goge masa.