Kilomita Tara Kafin Gwoza

Tun da aka yi dokar awarwaro, ba mai tuƙa jirgi sai da shi a hannu. Idan awarwaron ya ji zuciyar matuƙi ta yi sauri, na'ura ce ke karɓe tuƙin ta saukar da jirgin.

Malam Tanimu ya tashi daga Gembu da hantsi a jirginsa marar inji. Iskar da ke bugun tsaunuka ta yi sama ita ce ke ɗauke da shi. Burinsa ya kai Gwoza bai sauka ba, abin da ba wanda ya taɓa yi. Shekararsa sittin da tara, baɗi doka za ta hana shi tashi. 'Yarsa Barira tana bin sa a mota, suna magana ta rediyo.

Da la'asar ta ce, "Baba, saura kilomita tara. Don Allah kada ka duba hagu."

A hagun ne dutsen da ƙaninsa Sabo ya faɗi, shekara ashirin da suka wuce, yana neman kafa wannan tarihin. Malam Tanimu ya duba. Awarwaron ya yi ja, sandar tuƙi ta ƙi bin hannunsa, jirgin ya sauka a hankali cikin wata gonar gyaɗa.

Barira ta same shi zaune a ciki, bai ko kwance ɗamara ba.

"Baba, ai na roƙe ka."

"Na ji ki, Barira," in ji shi. "Amma yaya zan wuce Sabo ban gaishe shi ba?"