Lambar Mai Gida

"A cire masa rigar!" darakta Nazeer ya daka tsawa. "Tsoho ya kasa riƙe magana biyu. Gobe a kawo wani."

A gaban kowa aka tuɓe wa Baba Ilu rigar wasan. Shekara ashirin yana fitowa a fim, yau boka, gobe kawun amarya. Ya sa takalmansa ya fice.

Washegari ma'aikata suka iso tsohon gidan da suke haya a unguwar Goron Dutse, inda aka ɗauki kashi talatin na shirin, saura goma. Suka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, Baba Ilu na zaune a dakali.

"Me ya dawo da kai?" in ji Nazeer.

"Iska nake sha."

Nazeer ya kira dillalin da ya samo musu gidan. Dillali ya ce ba ruwansa, ya turo lambar mai gida.

Nazeer ya danna kira. Sai waya ta yi ƙara a aljihun Baba Ilu. Ya ciro ta a hankali, ya kara a kunne, idonsa a kan darakta.

"Ina jin ka, yaro. Ɗaga murya ka roƙe ni, kowa ya ji."