Dutse Na Goma Sha Biyu

Tsohon magini ya gyara tabarmar bakin ƙofarsa da ƙafa, sannan ya bi autarsa zuwa wurin taro. Shekara uku ke nan bai yarda kowa ya ɗaga tabarmar nan ba.

A bayan gari akwai wani tudu, kabarin mutanen da ne tun kafin a san rubutu. Duwatsu goma sha biyu suka kewaye shi, yanzu saura sha ɗaya. Ɗayan kuwa shi maginin ne ya tumɓuke shi lokacin da yake gina gidan aurensa. Ya ga dutse shimfiɗaɗɗe mai zane uku a ka, ya ce wannan ai dokin ƙofa ne. Wa ya gaya masa kabari ne?

Sai ga Auta ta yi karatu, aka ɗora ta kan kula da tudun. Ta buga hoton dutsen da ya ɓace, ta manna ko'ina. Shi dai ya ɗauka a tsoffin takardun ofis ta samo shi. Bai taɓa iya duban hoton ba, kansa a ƙasa yake wucewa.

A wurin taron ta ce, "Ba hukunta kowa za mu yi ba. Wataƙila wanda ya ɗauki dutsen bai sani ba ne. Ya faɗa mini kawai."

Maƙwabcinsa ya zungure shi. "Ko wane mara kunya ne ke satar dutsen kabari?"

"Wallahi kuwa," in ji magini. Kunya kamar ya nutse. Ba hukuma yake tsoro ba, idon yarinyar nan da ke alfahari da shi yake tsoro.

Da suka dawo gida ya tsaya cak a kan tabarmar.

"Auta, miƙo hoton nan in gani."

"To, Baba." Ta miƙa masa da hannu biyu, ta kawar da kai, idonta ya cika da ƙwalla.

Ya bi zanen da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. Sai wani ɗan gajere a gefe, a karkace.

Wannan na huɗun bai zo da shi daga tudu ba. Auta ce ta ja shi da ƙusa tana 'yar shekara shida, a nan bakin ƙofar. Ashe a gidan nan ta ɗauki hoton.