Kwalbar da Ba Ta da Suna

Ba a saba roƙon yawu a Kusfa ba, amma shi Dakta Fa'iza ta zo roƙa. Bincike take yi a kan wasu sinadarai da ke cikinsa, masu sa nama ya tsiro, rauni ya haɗe. Tana zargin idan sun wuce kima, su ne ke ciyar da ƙarin da ke fitowa a ƙasan kunne, inda jiki ke haɗa yawun.

Gwaggonta Asabe ce ta tara mata matan unguwa a tsakar gida. Da jin abin da ake nema, kowacce ta tsuke baki. Wa zai ba da yawunsa a kwalba, a je a yi masa asiri? Sai da Fa'iza ta yi lallashi, ta yi rantsuwa, ta yi duk abin da mai tallan magani ke yi a kasuwa, sannan suka saki jiki. Aka yi ta tofi ana shewa. Gwaggo, wadda ko tsinke ba ta iya gani a yashe, ita ta tattara kwalaben ta jera a kular ƙanƙara.

A ɗakin gwaji kwalba ɗaya ta ɗaga mata hankali. Sinadarin ya yi yawa fiye da na kowa. Wannan ba hujja ba ce, amma ya isa a duba mai shi. Ƙarin nan in an tare shi da wuri aikinsa da sauƙi. In ya girma yakan taɓa jijiyar fuska, baki ya karkace. Ta juya kwalbar, ta sake juyawa. Babu suna.

Haka ta koma Kusfa, tana bin lungu gida-gida, tana latsa ƙasan kunnen matan mutane. Sakinatu mai ƙosai ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai cakulkuli ne. Wata ta shige bayan ƙyaure. Wata kuma ta ce tunda likita ta zo, a duba mata gwiwa. Kowa lafiya lau, ko ƙurji babu.

Ran Fa'iza ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta. Akwai wata baiwar Allah da ke yawo da ciwo ba ta sani ba. Ta yi ta faɗa: mata ba sa kula da jikinsu, abu na girma suna cewa zai wuce! Ko abincin kirki ta daina ci, dama wani ciwo a gefen muƙamuƙi da ta ɗauka na haƙori ne ya hana ta sakat, kullum tana cewa gobe za ta kai a duba.

Da la'asar ta zube a tabarmar Gwaggo. Aka kawo kunun tsamiya. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta dafe muƙamuƙi.

"Gwaggo, don Allah ki tuna. Wace ce ta ba da kwalba babu suna?"

"Kowacce ai ke kika rubuta mata, 'yar nan. Sai dai wadda na tsinta a bakin taga, na ce kada a yi asara."

Fa'iza ta miƙe zumbur. "Ta wa ce?"

"Au! Wadda kika fara tofawa a gabanmu mana, don mu yarda ba asiri ba ne."