Hoton Cinyar Surajo

Kwana goma sha ɗaya da faɗowar Surajo daga kan bishiyar marke, ɗakinsa ya daina shiguwa. Sai Turai ta toshe hanci da gefen zani kafin ta miƙa wa mijin nata fura. Cinyar ta kumbura suntum tana tsiyayar ruwa mai ɗoyi, ƙudaje kuwa kamar a mahauta.

Abin da ya iya tunawa kawai, ya hau sarar wa shanu ganye a gefen gonar ƙaninsa Zakari, can bakin dajin Falgore, sai farkawa ya yi a gida. Zakari ne ya goyo shi. Shi ya kawo mai ɗori, shi ke wanke ciwon da hannunsa, ba ya yarda kowa ya taɓa. Gadin masararsa ma ya daina, birai suna ta ɓarna son ransu. Kowa sai sa masa albarka yake.

Malamin asibitin ƙauye ya ce a kai Surajo Tudun Wada a yi hoton cinyar, in aka ƙara jinkiri ƙafar sai yankewa. Zakari ya yi tsalle ya dire. Wai hoto cin kuɗi ne kawai, reshe ne ya soke shi, tsinken zai fito da kansa. Sau uku ana shirya tafiya yana rushewa.

Ran da Turai ta ga tsutsa a tsumman ɗaurin, ta zaga bayan ɗaki ta amayar da abin da ke cikinta. Washegari ta ja karsanarta ta gado zuwa kasuwa. Da kuɗin ta sa aka kai Surajo Tudun Wada a kan babur, Zakari na biye.

A wurin hoton ma takaici ya ishe ta. Kuɗin kati daban, na hoto daban, ga na man janareta, duk a kan wata baƙar leda. Tir! Har ta fara cewa a ranta Zakari ya yi gaskiya. Shi kuwa ya tsaya a waje, wai yana gadin babur.

Likita ya ɗaga ledar a hasken taga, ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙafar za ta tsira in aka yi aiki yau. Sannan ya nuna mata wasu fararen ɗige-ɗige guda tara a cikin naman cinyar.

"Baiwar Allah, babu wani reshe a nan. Ƙarafan bindigar toka ne, irin ta masu gadin gona. Harbo mijinki aka yi daga kan bishiyar nan."