Tagar da Ba a Yi Shanya Ba

A duk benen nan na unguwar Tiong Bahru, tagogi biyu suka rage da ake zuro sandar gora a yi shanya: ta Siew Lan da ta tsoho Kok Wah. Sababbin maƙwabta, matasan nan masu shan kofi mai tsada, da inji suke busar da kaya. Yau Siew Lan ta leƙa, tagar Kok Wah wayam. A unguwar nan, hakan ko rasuwa ce ko ƙaura.

Ta sauka ta tarar da shi tsugune yana ɗaure sandunansa.

"Ashe kana numfashi, ɗan rainin hankali."

"Wasu ma'aurata sun taya gidan. Ɗana ya ce in koma wajensa." Ya turo mata sandunan, bai ɗago ba. "Riƙe, can ma inji ne."

"Ka sa hannu?"

"Sai gobe."

"Me ya hana yau?"

Ya sosa ƙeya. "So nake in ga ko akwai mai lura da tagar."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da rabonta da yi wa namiji tun rasuwar mijinta.

"Sayar musu," ta ce, ta saɓa sandunan a kafaɗa. "Kwaso rigunanka. Tagata tana cin gora shida."